Kafin Ka Biya Kuɗin Tabarau: Wane Gwaji, Wane Gilashi, Wane Ƙari?

Yawancin masu neman tabarau daga firam suke farawa: wannan ya dace da fuskata, wancan ya cika faɗi. Alhali firam ne abu na ƙarshe da ya kamata a tsaya a kansa. Abu uku kake saye a jere: gwajin da za a yi wa idon, gilashin da za a yanka bisa sakamakon gwajin, sannan abin da zai riƙe gilashin a fuska. Idan gwajin ya samu tangarɗa, tsadar sauran biyun ba za ta gyara komai ba.

Gwajin ido iri biyu ne, ko da yake sau da yawa suna ɗaya ake kiran su da shi. Akwai na sha-yanzu-magani-yanzu: ka ɗora haɓa a kan na'ura, ka leƙa ka hangi hoton wani ɗan gida ko balan-balan can nesa, ya dusashe, ya dawo, sai takarda ta fito da lambobi. Daga nan a nuna maka allon nan mai manyan haruffa a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, wanda likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya ƙirƙiro a 1862. Idan aka ce ganinka 6/6 ne, daga mita shida kana karanta abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga wannan tazarar. Idan 6/12 ne, sai ka matso mita shida kafin ka ga abin da wani ke gani daga mita 12. Wanda ba ya karanta haruffa yana da allonsa mai harafin E da ke juya ƙafafu, da yatsa yake nuna inda suka fuskanta.

Lambar da na'ura ta fitar somin-taɓi ce kawai. Mai aikin da ya san abin da yake yi zai saka maka firam ɗin gwaji mai nauyi, yana cire gilashi yana saka wani yana tambaya, "wannan ko wancan?", har sai idonka da kansa ya zaɓa. Wurin da ke yanka gilashi kai tsaye daga takardar na'ura, ni dai ba na ba kowa shawarar ya kai idonsa can. Ga yara abin ya fi muni, domin idon yaro yana da ƙarfin matse kansa ya yaudari na'ura, shi ya sa ake ɗiga musu maganin da ke sassauta shi kafin a auna.

Duk wannan auna gani ne, bai taɓa lafiyar idon ba. Cikakken gwaji yana ƙarawa da auna matsin ruwan cikin ido, wanda a yawancin mutane yake tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci, da duba gaban ido da fitila mai siririn haske, da ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido don a leƙa tantanin baya da jijiyar gani. Maganin nan yana sa gani ya yi hazo, haske ya riƙa damun mutum na wasu sa'o'i, don haka ranar ba ranar tuƙi ba ce. Dalilin wannan wahalar shi ne glakoma, wadda ake kira hawan jinin ido. Mafi yawanta ba ta ciwo, kuma daga gefe take fara cin gani. Mutum zai iya karanta layin ƙarshe na allo tsaf alhali jijiyarsa tana lalacewa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Auna matsi kaɗai ma bai isa ba, domin akwai masu ita da matsinsu daidai yake. Sai an kalli jijiyar kanta. Haka ɓarnar ciwon suga a bayan ido: tana daɗewa tana aiki kafin mai ita ya lura.

Saboda haka zaɓin a nan ba mai wuya ba ne. Wanda ya kai shekara 40, ko yake da ciwon suga ko hawan jini, ko aka taɓa samun mai glakoma a danginsa, cikakken gwaji zai nema. Baƙar fata sun fi kamuwa da glakoma, kuma takan zo musu da wuri. Mai ciwon suga duk shekara ya kamata a buɗe ƙwayar idonsa a duba, kuma kada ya auna tabarau lokacin da sugansa ke hawa da sauka, domin lambar tana canjawa tare da shi. Ka kuma tambayi wa zai duba ka. Likitan ido yana magani yana tiyata. Masanin auna gani yana gwaji, yana rubuta tabarau, yana gano cuta ya tura ka gaba. Mai haɗa tabarau kuwa aikinsa yanka gilashi da daidaita firam, duba cuta ba nasa ba ne.

Bayan gwaji ka karɓi takardarka a hannu, ko a wurin za ka sayi tabarau ko a wani wuri. Ga abin da ke cikinta. Lambar da ke ƙarƙashin SPH, idan da alamar ragi a gabanta, nesa ce ba ka gani sosai. Idan alamar ƙari ce, idonka yana shan wahala wajen daidaita gani, musamman na kusa. CYL da AXIS suna nuna gaban idon bai zagaye daidai ba, abin da ke sa fitilun mota su riƙa jan wutsiya da dare. ADD ƙarin ƙarfi ne don karatu. Akwai kuma PD, tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonka biyu da milimita. Wannan ake yawan mantawa, ga shi idan tsakiyar gilashi ta kauce wa tsakiyar ido, ciwon kai ne zai biyo baya ko da lambar daidai take. Mai niyyar yin oda ta intanet ba shi da makawa sai da ita.

Yanzu ga tambayar da ta fi yawa a bakin waɗanda suka haura 40, ranar da suka ga sai sun miƙar da hannu kafin su karanta saƙon waya. Wannan ba cuta ba ce, gilashin halitta na cikin ido ne ya rage laushi, kuma kowa zai je wurin. Shin tabarau na karatu da ake sayarwa a haɗe, masu lamba kamar +1.00 zuwa +3.50, sun wadatar? Ba sa lalata ido, wannan tsoron a ajiye shi. Idan idanunka biyu ƙarfinsu ɗaya kuma ba ka da CYL mai yawa, za su yi maka aiki. Ka gwada su da rubutun da ka saba karantawa, a tazarar da ka saba riƙe shi, ka ɗauki mafi ƙarancin lambar da ta fito maka da shi tangaram. Aibinsu biyu ne: lamba ɗaya ce a ido biyu, sannan suna sa mutum ya ga ai matsala ta kau, ya fasa zuwa gwaji a daidai shekarun da ya fi buƙatarsa.

Wanda ke buƙatar gyaran nesa da kusa a tare yana da hanya uku. Ko tabarau biyu, yana cire wannan yana saka wancan, wanda ya fi ba da faɗin gani amma yana da gajiyarwa. Ko mai hawa biyu da layi a tsakani, sama don nesa, ƙasa don karatu: sabo da shi babu wuya, sai dai allon kwamfuta yakan faɗa tsakanin biyun, ba nan ba can. Ko kuma marar layi, wanda ƙarfinsa ke sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa, irin wanda aka fara sayarwa a Faransa a 1959 da sunan Varilux. Shi ne ya fi kama da ganin halitta, amma gefensa na ƙasa yana lanƙwasa abubuwa, kuma a kwanakin farko matakalar bene takan yi kamar tana motsi. Sai ka koyi juya kai maimakon juya ido. Irin wannan dole a auna shi firam yana kan fuskarka, a ɗiga alama a daidai ƙwayar ido, shi ya sa ba na son a saye shi daga nesa. Kuma firam ɗin da ya cika siriri daga sama zuwa ƙasa yana yanke wurin karatun.

Batun abin da aka yi gilashin da shi bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Roba ta yau da kullum mai ma'aunin lanƙwasa haske 1.50 (idan wannan ma'aunin ya ƙaru, gilashin ya fi siriri) ta ishi mai ƙaramar lambar tabarau. Folikabonet, wata roba mai ƙarfi mai 1.59, ba ya saurin fashewa, shi ya dace da yara, masu wasanni, da wanda ido ɗaya kawai yake gani da shi. Masu siriri, 1.67 da 1.74, amfaninsu yana fitowa ne idan lambar tabarau ta yi nauyi, kamar ta haura 4. Ƙasa da haka kuɗi ne kawai za ka ƙara. Dabarar da ba a cika faɗa ba: ga mai lambar ragi, ƙaramin firam mai ɗan zagaye yana rage kaurin gefe ba tare da an ƙara ko sisi ba.

Sai ƙare-ƙaren da ake jero maka a kan teburi. Shafin hana ƙyalli ya cancanta, musamman ga mai tuƙin dare, haka kariya daga hasken rana mai cutarwa. Gilashi mai yin duhu a rana yana da daɗi, amma yawancinsa ba ya yin duhu sosai a cikin mota, domin gilashin gaban motar ya riga ya tare hasken da ke kunna shi. Mai tare shuɗin hasken waya kuwa, bitar da cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta fitar a 2023 ba ta samu hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Mai kallon allo ƙiftawa yake ragewa, idon ya bushe. Ɗaga kai duk minti 20 a hangi abu mai nisa na daƙiƙa 20 ya fi wannan ƙarin amfani.

Gilashin da ake manna wa ido yana ba da faɗin gani, ba ya zamewa da gumi, amma yana son tsafta mai tsanani: ba a barci da shi, ba a wanke shi da ruwan famfo, ba a wanka ko iyo da shi, domin ƙwayar cutar da ta maƙale a ƙarƙashinsa tana iya barin tabo a gaban ido. Na yini guda da ake yarwa ya fi aminci. Aikin leza kuma, wato tiyatar gyaran gani da haske, sai wanda ya kai shekara 18, lambarsa ta tsaya cak, gaban idonsa yana da kaurin da ake buƙata, kuma ba ya hana neman tabarau na karatu idan shekaru sun zo.

Akwai lokacin da maganar saye ba ta taso ba. Walƙiya a gefen ido, ɗige-ɗigen baƙi da suka yawaita farat ɗaya, wani abu kamar labule ya rufe gefe, ko jan ido mai tsananin ciwo da tashin zuciya, duk na asibiti ne a ranar. Yanar ido ma idan ta yi nisa canjin tabarau ba ya yi mata, sai aiki.

Ranar karɓar tabarau kada ka tafi sai ka karanta abu na kusa, ka hangi na nesa, ka sunkuya ka ga ko yana zamewa. Ka ba idon mako ɗaya zuwa biyu ya saba. Idan ciwon kai ko jiri ya wuce haka, ka koma da takardarka a auna gilashin a na'ura a gwada da abin da aka rubuta. Tun kafin ka biya, ka tambaya ko za a sake yanka shi idan bai yi daidai ba, kuma cikin kwana nawa.