Situdiyon da ke sa kiɗa ya bi baiti: yadda suke haɗa waƙar soyayya

Yawancin situdiyon da ke layukan Titin Gidan Zoo a Kano hanya ɗaya suke bi: mai kiɗa ya riga ya ajiye kiɗansa a kwamfuta, mawaƙi ya zo ya cusa baiti a ciki, ya shiga ko bai shiga ba. Wannan na saman bene, mai ɗaki biyu, ba haka yake aiki ba. Sai ka rera amshi da baiti guda da baki zalla kafin mai kiɗan ya taɓa fiyano. Ga mai son waƙar soyayya mai sanyi, wannan kaɗai ya isa dalilin hawa benen.

Hausa tana da karin sauti, tana da dogon wasali da gajere. In aka matse gaɓa mai nauyi a gajeren bugu, kalma takan karye, mai sauraro ya ji daɗin murya amma bai san me aka ce wa masoyiyar ba. Mai kiɗan nan yana bin layi gaɓa-gaɓa, ya ɗora mai nauyi a kan dogon sauti. In layi ya yi tsawo zai tsayar da kai: "Malam, rage kalma biyu, numfashinka ba zai kai ƙafiya ba." Ba kowane mawaƙi ke son jin haka ba, amma gaskiyarsa ce.

Saurin kiɗan yana tsayawa tsakanin bugu 65 da 80 a minti. Baitin farko fiyano ne da murya kawai. Bes sai a amshi yake shigowa, kalangu a amshi na biyu. Sarewa kuwa ba ta hawa kan magana. Tana jiran mawaƙi ya ja numfashi, ta amsa masa a wannan giɓin. Wajen haɗa sauti suna rage ƙarfin fiyano tsakanin 2 da 4 kHz a ma'aunin kaifin sauti, inda baƙaƙen magana suke fitowa, shi ya sa ko a lasifikar waya kalmomin ba sa nutsewa.

Ɗakin ɗaukar murya ba laifi. Ana tsayar da kai kamar santimita 15 zuwa 20 daga makirfo, da raga a tsakani saboda iskar "f" da fashewar "ƙ" da "ts". Janareta yana can ƙasa, gurnaninsa ba ya shiga. Amshi sau biyu ake ɗaukarsa, a raba hagu da dama don ya cika kunne.

Inda aikin ya yi rauni shi ne muryar mace. Da muryar namiji ake zaɓar inda kiɗa zai zauna, 'yar amshi ta zo daga baya ta tarar ya yi mata ƙasa, ko ya yi sama har tana ƙwaƙulo shi daga maƙogwaro. Maimakon a sake kiɗan, sai a ƙure saurin Auto-Tune, manhajar da ke daidaita murya da kiɗa, zuwa sifili. Nan take rawar muryar da ke ɗauke da shauƙi ta ɓace, a bar ka da ƙarar ƙarfe. Maganinsa, ku zo tare tun ranar farko, kuma ka roƙa a bar saurin Auto-Tune ɗin tsakanin 20 da 40.

Kalangun ma na cikin fiyanon Yamaha ne. Na gaske, makaɗi yana matse tsarkiya a hammata sauti ya hau ya sauka yana bin karin magana. Na na'ura a wuri ɗaya yake tsaye. Za su ɗauki makaɗi in ka kawo, amma sallamarsa daga aljihunka.

Bayan Sallah, lokacin da waƙoƙin biki suka yi yawa, ranar da suka ce ka zo ka karɓa ba lallai ba ce. In ka karɓa, nemi WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ba MP3 kaɗai ba, kuma a turo ta WhatsApp a matsayin dokumen don kada a matse ta. Saurara a waya, ka saurara a lasifikar A Daidaita Sahu kafin ka cika kuɗi. Kai waƙar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano kuwa ba ya cikin aikinsu, kai za ka je da kanka.