Giyar Hannu ko Otomatik a Hanyar Daji Mai Rafuka?

Kullum sai an tambaye ni wacce ta fi. A cikin ruwa otomatik ta fi sauƙi, totur kawai za ka riƙe a natse. Mai giyar hannu kuwa dole ya sa giya ta 2 ta ƙarfi (wato ta 2 a "low range" na mota mai jan ƙafa huɗu) tun daga bakin rafi. Taka kuloci a tsakiyar ruwa kan shigar da laka, farantin kuloci ya kama sulɓi, mota ta tsaya cak. Na gani da idona, abin ba daɗi.

A gangare mai duwatsu ta hannu ta fi riƙe mota, gyaranta kuma ya fi araha.

Otomatik ta dace da sabon shiga, ta hannu kuma da gogaggen direban da ya san motarsa ciki da bai.