Sharhina kan ajin OET na 'yan Filifin da na shiga daga Jidda

Tun da sakamakona na OET, wato jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, ya fito 'yan'uwa ma'aikatan jinya ke turo mini tambaya guda: wannan ajin na 'yan Filifin da kika shiga ta intanet, ya ci kuɗinsa kuwa? Ya ci, amma ba kowa zan tura can ba, kuma ba duk abin da aka koyar a cikinsa ne ya amfane ni ba. Ba zan ambaci sunan cibiyar ba, domin akwai inda zan yaba, akwai kuma inda zan yi ƙorafi.

Ina aiki a wani asibiti a Jidda, kuma duk wanda ya taɓa aiki a asibitocin Saudiyya ya san yadda nas-nas 'yan Filifin suke da yawa a cikinsu. Babbar nas ta sashenmu, wadda duk muke kira Ate kamar yadda suke kiran yayarsu mace, ita ta ga ina fama da takardun gwaji a lokacin hutu, ta ce in zo ta haɗa ni da inda ƙannenta suka yi shiri. Washegari na tsinci kaina a wani rukuni na Messenger, ni kaɗai 'yar Afirka a cikin ɗalibai masu yawa.

Ga wanda bai sani ba, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Birtaniya, NMC, tana karɓar jarrabawar Turanci iri biyu. A IELTS ana son maki 7 a sauraro da karatu da magana, sai 6.5 a rubutu. A OET kuwa ana son B a waɗancan ukun, sai C+ a rubutu. OET daga Ostireliya ta samo asali, an tsara ta don ma'aikatan lafiya na fannoni 12, kuma NMC ta fara karɓarta a 2017. Ana ba da maki daga 0 zuwa 500, B yana farawa daga 350. Na zaɓe ta ne saboda duk abin da ke cikinta maganar asibiti ce, ba za a ce in yi rubutu kan cunkoson motoci ko ɗumamar yanayi ba. Sai dai tana da tsada, kuɗinta ya kusa dalar Ostireliya 600, don haka ba jarrabawar da mutum zai shiga ya ce bari in gwada sa'a ba ce.

Abin da ya fara burge ni shi ne mutanen nan sun ɗauki shirin jarrabawa a matsayin sana'a mai zaman kanta. Akwai dalili. Amurka ta karɓi mulkin Filifin daga hannun Sifaniya a 1898, a 1901 ta aika ɗaruruwan malamai a jirgin ruwa suka kafa karatun boko da Turanci, har yau kuma tsarin mulkinsu na 1987 ya sa Turanci a matsayin harshen hukuma tare da Filipino. Da Turanci suke karatun jinya, kuma shekaru da dama ƙasar na cikin waɗanda suka fi kowa tura nas-nas waje. Ɗalibarsu ta saba da zuwa cibiyar bita kafin jarrabawar lasisi ta gida, ta sake komawa kafin NCLEX, jarrabawar lasisin jinya ta Amurka, idan can ta nufa, ta kuma komawa kafin IELTS ko OET. Malaman da suka koyar da mu duk sun bi ta wannan hanyar. Malamarmu ta rubutu ita kanta nas ce da ta yi aiki a sashen kwantar da marasa lafiya kafin ta koma koyarwa, kuma hakan yana fitowa a yadda take gyara takarda.

Ɓangaren rubutu shi ne inda kuɗina ya dawo mini. A OET ana ba ka bayanan wani majiyyaci, minti 5 na karantawa, minti 40 na rubuta wasiƙa mai kalmomi kamar 180 zuwa 200 zuwa ga wani ma'aikacin lafiya. Mu da muka yi WAEC an rene mu da cewa wasiƙa mai kyau ita ce mai dogon gabatarwa da manyan kalmomi, a nuna wa mai maki an san Turanci. Wannan tarbiyyar ce malamar ta fara warwarewa. Akwai wani gwaji da ba zan manta ba: dattijo ne mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, za a sallame shi, ana son a rubuta wa nas ɗin da za ta riƙa zuwa gidansa wanke ciwo. A cikin bayanan an cusa cewa an yi masa tiyatar afendis tun yana saurayi, yana son aikin lambu, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune, idonsa ba ya gani sosai. Malamar ta ɗora wasiƙata a allo, ta ja jan layi a kan maganar afendis, ta bar ta idanu da ta zaman kaɗaici, sannan ta tambaye ni: "Sista, idan ke ce za ki ƙwanƙwasa ƙofar mutumin nan gobe da safe, me kike so a gaya miki?" Mutumin da ba ya gani sosai kuma ba kowa a gidansa, wa zai auna masa insulin? Wannan shi ne abin da nas ɗin take buƙatar sani, tiyatar shekara arba'in da ta wuce ba ruwanta da ita. Maganar lambu ma ta ce tana iya shiga, amma da dalili ɗaya kawai, wato ƙasa da datti na iya shiga ciwon.

Daga nan na gane wasiƙar OET miƙa duti ce a rubuce. Dalilin wasiƙar yana zuwa a layin farko, abin da ake so mai karɓa ya yi yana fitowa ƙarara, sauran kuma a zauna a tsince shi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Malamar ba ta taɓa cewa kawai wasiƙa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ma'auni shida da masu maki ke amfani da su take bi ɗaya bayan ɗaya: manufa, abin da aka ƙunsa, taƙaitawa da fayyacewa, salon da ya dace da ma'aikacin lafiya, tsari, sai nahawu. Kowanne da makinsa, da dalilin makin. Nahawu ɗaya ne kawai cikin shida, kuma wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin na daina ɓata minti goma kan wace kalma ce ta fi girma.

Ɓangaren magana ma ya yi armashi, ko da yake a nan rabin amfanin daga ɗalibai 'yan'uwana ya zo. Jarrabawar wasan kwaikwayo ne guda biyu, kowanne minti 5, da minti 3 na shiri: kai ne nas, mai jarrabawa shi ne majiyyaci ko ɗan'uwansa, ana naɗar murya a tura wa masu maki. An haɗa mu bibbiyu, ni na faɗa hannun wata baiwar Allah daga Sebu wadda ke aikin dare a wani asibitin gwamnati. Ita ce ta nuna mini cewa ina yi wa majiyyaci bayani tiryan-tiryan ba tare da na tsaya na tambaye shi abin da ya riga ya sani ko abin da ke damunsa ba. A asibitocinmu na gida, inda nas ɗaya ke duba layin mutane har waje, haka aiki ya koya mana. Amma a OET ana ba da maki a kan sauraron damuwar majiyyaci, da tambayar ko ya fahimta, da neman izininsa kafin a ci gaba. 'Yan Filifin sun ƙware a wannan taushin harshe, kuma na kwashi abin da na kwasa. Har a bakin aiki yanzu na ga bambanci a yadda tsofaffi ke sakin jiki da ni.

Wani abu da ya haɗa mu ban zata ba shi ne matsalar p da f. Da yawa daga cikinsu suna musanya su kamar yadda mu Hausawa muke yi, don haka atisayen da aka tsara dominsu ya zauna mini daidai. Malamin da ke mana atisayen yakan sa mu riƙe takarda a gaban baki mu maimaita sunayen magunguna da cututtuka, idan takardar ta motsa an furta p daidai. Ya kuma jaddada cewa ba a neman kowa ya koma Bature, abin da ake aunawa shi ne ko za a gane maganarka ba wahala.

To amma aji ne da aka yanka wa 'yan Filifin, kuma kullum sai wani abu ya tuna mini haka. Harshen Tagalog ba ya bambanta shi da ita, don haka sukan kira mace da lamirin namiji a Turanci, kuma an kashe darussa masu yawa kan gyara wannan. Bahaushe ba shi da wannan matsalar, sai dai in zauna ina kallo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan bayani ya ɗauki zafi malami sai ya zarce da gauraya Tagalog da Turanci, ajin ya fashe da dariya ko ya yi na'am, ni kuma an bar ni a baya a daidai wurin da ya fi muhimmanci. Na yi magana, aka ba ni haƙuri, kuma malamar rubutu ta kiyaye har ƙarshe. Malamin sauraro kuwa kwana biyu ya koma gidan jiya. Tun da sun karɓi kuɗin baƙo, ya kamata su riƙe alƙawarin da suka yi cewa da Turanci zalla za a koyar.

Darasin sauraron ma shi ne mafi rauni. Turancin Filifin ya fi karkata ga na Amurka, yawancin sautukan gwajin da cibiyar ta haɗa da kanta da wannan karin aka naɗe su, a hankali kuma a fili. A ainihin jarrabawa za ka ji bakin 'yan Ostireliya da na Birtaniya da wasu, sau ɗaya tak ake kunna sautin, tambayoyi 42, kuma a kashin farko kana rubuta bayanin majiyyaci yana magana. Da gwaje-gwajen kyauta na shafin OET da sauraron shirye-shiryen lafiya na rediyon BBC da na Ostireliya na cike wannan giɓin. Karatu ba ni da abin cewa sosai: sun koya mana yadda ake cin kashin farko mai tambayoyi 20 cikin minti 15, saura kuma yawan gwaji ne.

Akwai kuma jimlolin hadda da ke yawo a rukunin, waɗanda ɗalibai ke tura wa juna a ce a buɗe kowace wasiƙa da su. Malamar rubutu tana yaƙi da su, amma wasu mataimakan da ke gyara takardu suna barinsu su wuce, har su yaba. Wannan saɓani na iya rikita sabon ɗalibi. Kuma idan ranar jarrabawa ta matso, takardu kan yi musu yawa, gyaran da aka ce zai dawo cikin kwana biyu sai ya kai mako.

Maganar lokaci da kuɗi ita ma a yi mata shiri. Manila tana gaban Jidda da awa 5, tana gaban Kano da awa 7. Ajin ƙarfe 8 na darensu ƙarfe 3 na rana ne a wurina, la'asar na shigowa a tsakiyarsa, ga wanda ke Najeriya kuma ƙarfe 1 ne, tsakiyar duti. Ana naɗar darussa, amma ba a gyara wa mai kallon naɗi magana. Lokacin guguwarsu an ɗage aji saboda wuta ta ɗauke a garin malamin, an kuwa rama mana daga baya. Farashi da peso ne, kuma sun fi sabawa da GCash, manhajarsu ta biyan kuɗi ta waya, wadda baƙo ba ya da ita. Ate ce ta biya mini na ba ta riyal. Wanda ba shi da irin wannan hanya ya tambaya tun farko yadda zai biya.

Abu na ƙarshe da nake so 'yan gida su sani: hirar rukunin cike take da zancen kamfanonin ɗaukar aiki da ke kai nas-nas Birtaniya, wasu har da mayar musu da kuɗin jarrabawa. Wannan hanyarsu ce. Najeriya da Nijar da Gana suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma ƙa'idar Birtaniya ta ɗaukar ma'aikatan lafiya daga waje ta hana kamfanoni zuwa farautar ma'aikata a irin waɗannan ƙasashe. Mai zaune a Kano ko Damagaram da kansa zai nemi aiki kai tsaye, kuma ya sa a ransa daga aljihunsa zai biya kuɗin jarrabawa. Kada zancen da ake yi a rukunin ya sa wani ya yi lissafi da kuɗin da ba za su zo ba.

Na samu B a dukkan ɓangarori huɗu, alhamdu lillahi, kuma na rubutun na san malamar nan ce sila. Wadda ta yi karatun jinya da Turanci, take rubuta rahoto kullum, abin da ya rage mata sanin yadda jarrabawar take, wannan aji zai yi mata. Wanda kuwa har yanzu ginin jimla ke ba shi wahala, musamman 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci, ya fara neman ajin Turanci na gaske tukuna, domin a nan an ɗauka ka riga ka iya, ba mai tsayawa ya koya maka nahawu daga tushe. Kafin ki biya, ki nemi su nuna miki wasiƙar wani ɗalibi da aka gyara, ki tambayi wasiƙu nawa za a gyara miki da kuma wa zai gyara, malama ko mataimaki. Idan suna sayar da ɓangarori daban-daban, ki ɗauki rubutu da magana kawai.