Fostocin bango na Tarihi da Gwamnati, kafin ka saya ka ji wannan

'Yan uwa malamai masu koyar da Tarihi da Gwamnati a sakandare, ga abin da na gani game da saitin fostocin bangon nan da ake sayarwa a shagunan littattafai na Sabon Gari a Kano, waɗanda aka yi wa laminatin ake naɗe su cikin kwali. Mun saya wa makarantarmu kuma ina aiki da su a SS1 da SS2.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta ƙirƙirar jihohi, wallahi ita kaɗai ta biya kuɗin saitin. Ƙananan taswirori ne aka jera, daga yankuna uku zuwa huɗu a 1963, sai jihohi 12 na Gowon a 1967, 19 na Murtala a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, har 36 na Abacha a 1996, kowace sabuwar jiha da kalarta daban. Da a allo nake rubuta lambobin nan yara su haddace su zubar bayan jarrabawa, amma yanzu yaro zai tashi da kansa ya sa yatsa ya ga Jigawa a cikin Kano take har 1991, Katsina daga Kaduna aka cire ta, Kebbi da Zamfara duk cikin Sakkwato suke, sai ka ji aji ya kaure da gardama kan inda aka haifi iyayensu, kuma a nan darasin ke zama.

Ta rassan gwamnati ba laifi, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, ƙananan hukumomi 774, duk daidai. Sai dai rubutun ƙanana ne, na bayan aji ba sa gani.

Ta tsarin mulki na zamanin Turawa kuwa suna da shekara kawai aka jera, Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttleton 1954, shi ke nan. To ai WAEC ba shekara kawai take tambaya ba, siffofi da nakasu take so. Babu inda aka ce na Clifford ne ya fara kawo zaɓe, kujeru huɗu kacal, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma majalisar ba ta yi wa Arewa doka, gwamna ne ke zartarwa da kansa. Wannan sai malam ya cike da bakinsa.

Inda raina ya ɓaci sosai ita ce taswirar kafin zuwan Turawa. An zana Daular Usmaniyya ta tsaya cak a kan iyakar Najeriya ta yau kamar da rula aka yanke ta, alhali a 1804 da Shehu ya fara jihadi babu wata Najeriya balle boda. Ina Garwa da Marwa da Ngaundere da ke ƙarƙashin Adamawa, yanzu suna Kamaru? Ina Say a Nijar da Liptako a Burkina Faso, waɗanda ke bin Gwandu? Maraɗi da Tsibiri, inda sarakunan Katsina da na Gobir suka koma suka ci gaba da faɗa da daular, ko ɗigo ba a sa musu ba. Borno ma an datse mata Kanem. Hanyar fatake ta Sahara kibiya ɗaya ce ta tashi daga Kano ta fita daga takardar, ba Agadas, ba Gat, ba Gadamas, ba Tarabulus. Yaron da ya girma yana kallon wannan sai ya ɗauka tun fil azal haka iyakar take, kuma dalilin da ya sa yake da dangi a Maraɗi ko Damagaram ba zai taɓa shige masa ba. Ni dai alƙalamin maka na sa na ƙarasa zanen a kan farar takarda na manna a gefe.

Laminatin ɗin na ƙyalli idan rana ta shigo ta taga, a rataye su bangon da ba ya kallon haske, kuma ramin ƙusar na saurin yagewa, a liƙa masa salatif tun farko. Idan mai shago zai yarda ya raba saitin, ku ɗauki ta jihohi da ta rassan gwamnati, ta dauloli kuwa kada a rataya ta sai malamin Tarihi ya gyara ta.