Shekara Biyu a Ajin Taekwondo: Ranar da Aka Hana Ni Shuɗiyar Ɗamara

Ɗana ne ya kai ni wurin nan. Yana da shekara 9 a lokacin, ga rawar kai, kullum sai an kawo ƙararsa daga makarantar Islamiyya. Wani maƙwabcina ya ba ni labarin wani matashi da ke koyar da taekwondo a wani zaure a nan Kano, sau uku a mako, daga bayan La'asar zuwa dab da Magariba. Na kai yaron, na yi wata uku ina zaune a benci ina jiran a tashi. Ran nan malamin ya zo ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Yaya, tunda kullum kana nan, me zai hana ka cire takalmi ka shigo?" Shekarata 38. Na cire. Yanzu an shiga shekara ta uku ke nan, shi ya sa nake ganin na isa in faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Zauren ba wani abin a zo a gani ba ne. Katifun roba irin masu haɗewa da juna sun rufe rabinsa, sauran rabin siminti ne. Fanka biyu, in akwai wuta. Amma da zarar malam ya ce "charyot", ƙafa talatin za su haɗe lokaci guda, yaran da ke tsalle-tsalle su yi tsit. Ana farawa da gudu da miƙa jijiyoyi, sannan a shiga shure-shure ana ƙirgawa da harshen Koriya: hana, dul, set, net. Makon farko ko hawa babur sai da dabara nake yi saboda ciwon cinya. Malam bai taɓa haɗa ni da 'yan shekara 15 ya ce mu yi adadi ɗaya ba. In sun yi shuri hamsin, ni talatin zai ba ni, amma ya tsaya a kaina har sai kowane ɗaya ya fita daidai.

Tun ranar farko na yi masa tambayar da na san tana ran iyaye da yawa, wato maganar sunkuyawa wajen gaisuwa. Bai yi mini dariya ba, bai kuma kauce ba. Ya ce a ajinsa ana miƙewa tsaye ne a ɗora hannu a ƙirji, amma in yaro ya kai ga shiga gasa zai tarar ana sunkuyar da kai ga alƙalin wasa da abokin karawa, don haka in je in tambayi malaman da na yarda da su tun kafin lokacin ya zo. Wannan amsar ta kwanta mini.

Ga wanda bai san tsarin ba: ɗalibi yana farawa da farar ɗamara a matakin da ake kira gup na 10, yana saukowa har zuwa gup na 1. A wurinmu launukan su ne fari, rawaya, kore, shuɗi, ja, da ratsi a tsakanin kowane biyu. Daga nan sai baƙar ɗamara, inda ƙirgen yake juyawa ya fara hawa, dan na 1, dan na 2, har sama. Yaron da bai kai shekara 15 ba, ko ya ci jarrabawar, pum ake ba shi, ɗamara rabi ja rabi baƙi. Asalin wannan tsari na matakai daga judo ya fito, daga mutumin Japan ɗin nan da ya kafa makarantar Kodokan a 1882, wanda sunansa ya zo ɗaya da na garinmu, Jigoro Kano. Daga gup na 8, kowane mataki yana da nasa pumse, wato jerin motsi da ake haddacewa a yi shi kai kaɗai, kamar kana kare kanka daga abokan gaba da ke zuwa ta kowane ɓangare. Guda takwas ne kafin baƙar ɗamara, ana ce musu Taegeuk, daga Il Jang zuwa Pal Jang.

Jarrabawa biyar na farko na wuce su ba tangarɗa, har na fara ɗaukar abin kamar al'ada: a biya kuɗi, a zo ranar Asabar, a tafi da sabuwar ɗamara. Sai aka zo ta shuɗiya.

Ranar an share zauren, an jera tebur da kujeru uku. Malaminmu ya zauna a gefe, wani dattijo da aka gayyato daga wani kulob ya zauna a tsakiya da biro da takarda. Iyaye sun cika benci, maiɗakina ma ta zo. Aka kira mu mu huɗu, ni da ɗana da wasu yara biyu. Taegeuk Sa Jang, na huɗu a jerin, za mu yi, motsi 20, kuma a cikinsa ne shurin gefe, yop chagi, yake fara bayyana, sau biyu a jere. Na haddace shi sarai, ko cikin barci aka tashe ni zan kawo shi. Da muka gama, dattijon ya sallami yaran ya ce ni in tsaya. Ya ce in sake shurin gefen nan, in riƙe ƙafar a sama. Na ɗaga, ƙafar da nake tsaye a kanta ta fara rawa, na sauke. Ya taso ya zo ya nuna diddigena da bakin biro. Ban juya ƙafar tsayuwa ba, yatsuna na kallon gaba maimakon su juya baya, don haka ƙugu bai buɗe ba, duk nauyin ya tafi kan gwiwa. Ya kuma ce in yi tsayuwar baya, dwit kubi, wadda ake so kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin jiki ya zauna a ƙafar baya. Ya sa hannu ya ɗan tura kafaɗata, na yi taga-taga. Ya koma ya zauna bai ce komai ba.

Da aka zo kiran sunaye, ɗana ya samu shuɗiya. Ni aka ce in dawo bayan wata uku.

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci ƙwarai. A gaban iyalina, a gaban yaran da suke ce mini Baba. Mako guda ban leƙa ba. Malam ne ya biyo ni har shago, ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, da na roƙa maka da an ba ka. Amma gwiwar nan taka ba za ta kai ka jar ɗamara ba in ka ci gaba da shuri haka." Gaskiya ya faɗa, don na daɗe ina jin tsami a cikin gwiwar hagu duk daren da muka yi atisaye, ina shafa man zafi ina yin shiru.

Wata ukun nan su ne mafi amfani a duk zamana a wurin. Ya sa ni dafa bango ina ɗaga gwiwa, ina juya diddige, ina miƙa ƙafa a hankali kamar mai tura ƙofa mai nauyi, ina dawo da ita ta hanyar da ta bi. Ba ya son tsayi. Ya ce shurin da ya tsaya a ƙugu yana daidai ya fi wanda ya kai kunne a karkace. Kafin wata biyu tsamin gwiwar ya tafi. Da na koma gaban dattijon nan, ya sa na riƙe ƙafar, ya ƙirga har biyar, ya gyaɗa kai. Ba a sake karɓar kuɗina ba a karo na biyu, wannan ma abin a yaba ne.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yadda zai gane wurin koyo na ƙwarai, nakan ce ya tambayi malamin yaushe rabon da wani ya faɗi jarrabawa a hannunsa. Mu da muka tashi muna kallon dambe mun san ba wanda ake kira gwani don ya biya kuɗi, sai an ga kisan da ya yi a fili, Kudu da Arewa da Guramada duk suna kallo. A Nijar ma takobin kokawa ba a miƙa wa kowa shi sai ya kayar da maza. Ɗamara kuwa ƙyalle ce da ake sayarwa a kasuwa, darajarta tana wurin wanda ya ɗaura maka ita da abin da ya gani kafin ya ɗaura. Na ji ana tallar wuraren da ke alƙawarin baƙar ɗamara cikin 'yan watanni. Ku guje su. Takardun gup kulob ne ke bayarwa, amma shaidar dan da duniya ta sani daga Kukkiwon take fitowa, hedkwatar taekwondo da aka buɗe a birnin Seoul a 1972, kuma tana da lamba. Ko a can sai mai dan na 1 ya yi aƙalla shekara guda kafin ya nemi na 2, mai na 2 ya yi shekara biyu kafin na 3. Ba rashin kunya ba ne ka ce malami ya nuna maka tasa takardar. Namu da kansa ya ɗauko ta daga jaka.

Akwai inda wurin ya gaza, kuma na faɗa wa malam baki da baki. Kuɗin jarrabawa ba a rubuce yake ba, sai saura mako guda a sanar, kuma yana ƙaruwa da kowane mataki, ga kuɗin ɗamara daban. Mai yara biyu ko uku a ajin yana shan wuya. Rigunan kare ƙirji da hulunan kai kaɗan ne, ana karɓa-karɓa, jiƙe da gumin wani za ka saka. Na saya wa ɗana tasa hular da robar haƙori, ina kuma ba kowa shawarar ya fara da waɗannan biyun kafin ya sayi farin kaya mai tsada. Abin da ya fi damuna shi ne babu mace mai koyarwa. 'Yata tana so, mahaifiyarta ta ce sai in akwai ajin mata, kuma ina bayanta. Hedaya Malak ta Masar da ɗankwalinta ta ci tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, don haka ba sutura ce matsalar ba, rashin malama ne.

A waccan gasar ce kuma Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa, lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar da Issaka Dabore ya ci a damben zamani a 1972, sannan ya zama zakaran duniya a 2017 a Muju ta Koriya ta Kudu. Hotonsa na manne a bangon zaurenmu kusa da na Chika Chukwumerije, wanda ya kawo wa Najeriya tagulla daga Beijing a 2008. Yara kan tsaya su ƙura musu ido kafin a fara.

Ga masu shigowa da girma irina: ku yanke farcen ƙafa, ku zo da ruwa mai yawa lokacin bazara. Da hunturu faso yana buɗewa a kan katifar roba har ya yi jini, man kaɗanya na maganinsa, amma da dare za a shafa, don in ka shafa kafin atisaye santsi zai kwashe ka. Da azumi malam kan mayar da aji bayan Tarawihi, ya rage gudu ya ƙara pumse. In gaɓa ta yi ciwo, ku faɗa tun da wuri, kada ku yi shiru irin nawa.

Yanzu muna kan Taegeuk Oh Jang, na biyar a jerin, ni da ɗana, ya riga ni da wata uku. Da asuba bayan mun dawo daga masallaci mukan yi shi sau biyu a tsakar gida, shi a gaba ni a baya, in ya juyo ya ga ƙafata sai ya ce, "Baba, diddige."