Sikima a ƙaramin tankin ruwan gishiri: biyu na gwada, ɗaya ce ta zauna

Wata takwas kenan da na sa sikima a tankina mai lita 75, kifi biyu ne a ciki sai 'yan murjani masu laushi, to na ga ya kamata in faɗi abin da na gani tunda ni ma da zan saya ban samu wanda ya min bayani tiryan-tiryan ba.

Ga wanda bai sani ba, sikima injin kumfa ce. Famfonta yana jan ruwan tanki ya haɗa shi da iska, farfelar ciki mai kama da allurai ta daddatsa iskar ta koma ƙananan kumfa, dattin da ya narke a ruwa irin su ragowar abinci da kashin kifi ya manne a jikin kumfan, kumfan ya hau wuya ya zube cikin kofi, kai kuma ka ɗauki kofin ka zubar. Wato tana kwashe dattin tun bai ruɓe ya zama nitiret da fosfet ba, su ne abincin gansakuka. Kuma a ruwan gishiri take aiki, in ka sa ta a ruwan daɗi kumfan manya suke fitowa su fashe nan take.

Ta farko da na saya irin wadda ake ratayawa a bayan tanki ce, an rubuta a kwalinta wai tana ɗaukar tankin da ya ninka nawa sau uku, na ce ai gara babba. Kuskure na kenan. Wuyanta faffaɗa ne, dattin kifi biyu bai isa ya haɗa kumfan da zai cika wuyan ya hau ba, sai ta yi kwana uku kofi a bushe, in na ɗan juya makunnin daidaitawa kuma ta haukace ta cika kofi da farin ruwa cikin rabin awa. Wata rana da asuba na fito na taka ruwa da ƙafa, ashe kofin ne ya cika ya bi bayan tankin ya sauko ƙasa, kusa da soket ma wallahi. Ga ƙara. Tanki a ɗakin kwana yake, gurnanin nan na iska ba ya barin mutum barci.

Ta biyun ƙarama ce, cikin tankin take zama a lungu, maganaɗisu ne ke riƙe ta a jikin gilas. In ta yi ambaliya ma cikin tanki ruwan ke komawa, wannan kaɗai ya sa na samu kwanciyar hankali. Sati biyun farko kam ta ba ni haushi, ƙananan kumfa ko'ina a tanki kamar an zuba garin alli, kofi kuma ba komai, saura kaɗan in mayar. Ashe haka sabuwa take yi sai maiƙon masana'anta ya fita kuma jikinta ya ɗan yi santsi tukuna. Bayan nan ta daidaita, duk kwana uku zuwa huɗu ina zubar da abu ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu, warin kuwa ba a magana, kada ka kuskura ka kai hanci.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne maganar tsayin ruwa. Waɗannan ƙananan suna da layin da ruwa zai tsaya, in ruwa ya ƙafe ya sauka ko santimita ɗaya ne aikinta ya canza, in ka ƙara ruwa da yawa lokaci guda kofi ya cika. Ƙaramin tanki kuma kullum ƙafewa yake. Sai da na haɗa na'urar da ke ƙara ruwa da kanta sannan na daina taɓa makunnin. Ni a ganina in kuɗinka na abu ɗaya ne, fara sayen wannan na'urar kafin sikima.

Wani abu kuma, in ka saita ta tana fitar da ruwa-ruwa, ka sani ruwan gishiri take kwashewa, kai kuma ruwan daɗi kake ƙarawa, a hankali gishirin zai yi ƙasa. Nawa daga 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa na ga ya sauka ban ankara ba, yanzu duk sati nake aunawa. Kuma in ka sa hannu a tanki ko ka ba kifi abinci mai maiƙo kumfan zai kwanta na 'yan awanni, ba lalacewa ta yi ba, ƙyale ta.

Wanki ba wahala, wuyan kofin dai a goge shi duk zubarwa don in dauɗa ta taru kumfa ba ya hawa da kyau, bututun iska kuma gishiri na toshe shi, ɗan ruwan ɗumi nake bari ta zuƙa. Famfon duk wata biyu ko uku na jiƙa shi a ruwan khal.

Aibinta, ta ci min wuri a tanki kuma ana ganinta, kofin ma ƙarami ne, sannan murfin tankin sai da na yanke shi kafin kofin ya samu hanya. Don haka ɗauki abin awo ka auna lungun da tsayin da kofi zai fita kafin ka biya. Kamfanoni irin su Tunze na Jamus da Reef Octopus da Bubble Magus duk suna yin ƙanana, zaɓi wadda adadin litar da aka rubuta mata ya ɗan ɗara naka kaɗan, ba ninki uku irin nawa ba.

Wanda tankinsa bai wuce lita 40 ba kuma kifi ɗaya ne ko biyu, ni dai ba zan ce ya saya ba, canza kashi 10 cikin 100 na ruwa duk sati ya ishe shi. A lita 75 ɗin nan nawa kuwa gilas da nake gogewa kullum yanzu sai bayan kwana uku, kuma na ƙara wa kifin abinci ba tare da fargaba ba.