Jakar ko-ta-kwana: abin da Japan, Jamus da Amurka ke ajiyewa

Yaya, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka ce in fayyace maka kayan ko-ta-kwana da ake ajiyewa a gidajen ƙasashen waje, da waɗanda suka cancanci a kashe musu kuɗi. To, ga bayanin.

Tun daga kan ruwa lissafinsu ya sha bamban. A nan Japan ana ƙiyasta wa mutum ɗaya lita 3 a rana, na aƙalla kwana 3, in da hali mako guda. Hukumar kare fararen hula ta Jamus, BBK, ta ce lita 2 a rana har kwana 10, wato lita 20: ɗaya da rabi ta sha, rabi ta girki. FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, ta ce galan ɗaya a rana, kusan lita 3.8, don ta haɗa da na tsafta. Gida mai mutum 5 a lissafin Japan lita 45 ke nan a kwana 3, nauyinta kilo 45. Ba mai goya wannan ya gudu.

Shi ya sa na fi yarda da tsarin Japanawa. Sun raba kayan gida biyu: tanadin zaman gida, da jakar goyo da ake sura a fita. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jakar ta wuce kilo 15 ga namiji, kilo 10 ga mace. A cikinta akwai ruwa kaɗan, tocilar ɗaurawa a goshi don hannu biyu su samu yin aiki, rediyon da ake murzawa da hannu, batirin cajin waya, usur, safar hannu mai kauri, bandeji, magungunan da wani a gidan ke sha kullum, da tsabar kuɗi har da ƙananan canji. Mazauninta bakin ƙofar fita. In aka cusa ta can ƙuryar kabad, girgizar ƙasa kan murɗe ƙofar ko ta kayar da kaya su toshe hanya, jakar tana nan amma hannu bai kai gare ta. Takalmi mai taurin ƙasa kuwa gefen gado ake ajiye shi, saboda fasasshen gilashi a duhu.

Hajar da ta fi burge ni a shagunansu ba ta da wani kwarjini: ledar masai ta gaggawa. Ana shimfiɗa ta a kan masan gida, a yi uzuri, a barbaɗa wani gari da ke daskarar da ruwa ya danne wari, a ƙulle. Lissafinta sau 5 a rana ga mutum ɗaya, don haka mutum 5 a mako guda leda 175. Dalili kuwa, in bututu ya fashe a gidan bene, wanda ya kora ruwa a sama ƙazantar a kan na ƙasa take sauka. Kuma in masai ya yi wuya sai mutane su rage shan ruwa, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kamar yadda aka gani ga masu kwana cikin mota bayan girgizar ƙasa ta Kumamoto, a kudancin Japan, a 2016.

Suna da busasshiyar dafaffiyar shinkafa mai shekara 5 ba ta lalace ba. Ruwan zafi minti 15, ruwan sanyi awa ɗaya, an ci. Ƙaramin rishon gas ɗinsu gwangwani ɗaya ke ba shi wuta ta kusan awa guda. Gwangwanin ana sauya shi bayan shekara 7, rishon bayan 10, don robar da ke hana gas zirarewa tana bushewa.

Amurka ta fi kowa yawan haja. Za ka ga bokitin abinci an rubuta zai kai shekara 25, amma galibinsa sai da ruwa da wuta yake ciwuwa, su ne kuwa abubuwan da ke fara yankewa. Abin da suka iya shi ne rediyon hukumar yanayi ta NOAA mai yin ƙara da kansa in an fitar da gargaɗi, da na'urar gano iskar guba marar wari da janareto da gawayi ke fitarwa. Lokacin sanyin Texas na Fabrairun 2021 wannan iska ta kashe mutane a cikin gidajensu. Ƙa'idarsu ita ce janareto ya zauna a waje, ƙafa 20 daga ƙofa da taga, kusan mita 6. In wuta ta ɗauke, firji a rufe yana riƙe sanyi awa 4, cikakkiyar firiza awa 48.

Jamusawa, kamar yadda ka san halinsu, takardu suka sa a gaba: fayil guda mai takardar haihuwa, ta aure, ta inshora da ta mallakar gida, kowa a gidan ya san inda yake. Ambaliyar kwarin Ahr ta Yulin 2021, wadda ta kashe sama da mutum 130, ta sa suka ƙara tsarin tura gargaɗi kai tsaye zuwa wayoyi, ƙari a kan manhajarsu ta gargaɗi mai suna NINA. Batun tsabar kuɗi kuma Sifaniya da Portugal sun ɗanɗana ranar 28 ga Afrilun 2025, da wuta ta ɗauke na'urorin kati suka tsaya.

Inda aka fi tafka asara shi ne a haɗa jaka a manta da ita. Batirin da aka bari cikin tocila yana zubo ruwa ya cinye ƙarfen, don haka a ware shi daban. Batirin cajin waya yana zuƙewa a ajiye. Magani yana wuce wa'adinsa, tufafin yaro su matse shi. Ruwan da aka ɗura a jarka a sauya shi duk wata 6. In ana shakkarsa, a tafasa minti ɗaya.

Japanawa sun ɗaura duba jakar da 1 ga Satumba, ranar tuna girgizar ƙasa ta Kanto, yankin Tokyo, ta 1923 da ta hallaka sama da mutum 100,000. Abinci kuwa ba sa kulle shi. Suna sayen fiye da buƙata kaɗan, su ci na gaban kanta, sabon da aka sayo a jera shi a baya.

A gaida mutan gida.